Mary Robinson: lauyar da ta sha ƙasa a majalisa, ta yi nasara a kotu

Wanda ya saba sauraron labaran duniya ya fi sanin Mary Robinson a matsayin mace ta farko da ta shugabanci Jamhuriyar Ailan, ko kuma babbar kwamishinar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a zamanin Kofi Annan. Waɗannan muƙamai biyu su ne suka kai sunanta ko'ina, amma a ganina aikin da ya fi nauyi a rayuwarta ya riga su faruwa. Shekara kusan ashirin ta yi tana koyar da shari'a a jami'a, tana zama a majalisar dattawa, tana kuma tsayuwa a gaban alƙalai da rigar lauya, kuma a cikin waɗannan shekarun ne aka sauya dokoki da dama da suka shafi rayuwar talakan Ailan, musamman mata. Domin a gane yadda hakan ta faru, sai an fara sanin irin ƙasar da ta taso a ciki, da kuma yadda aikin lauya yake a can.

An haife ta ranar 21 ga Mayu, 1944, a garin Ballina da ke yankin Mayo a yammacin Ailan, sunanta na gida Mary Bourke. Mahaifinta likita ne, mahaifiyarta ma likita ce, kuma ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'ya biyar. Gidansu gidan Katolika ne, kamar yadda mafi yawan gidajen ƙasar suke, kuma a lokacin cocin Katolika yana da ƙarfin faɗa a ji a makarantu da asibitoci da siyasa. Kundin tsarin mulkin 1937, wanda aka rubuta a ƙarƙashin shugaban gwamnati na lokacin, Éamon de Valera, ya haramta wa majalisa yin duk wata doka da za ta ba da damar warware aure, ya bayyana cewa gida ne wurin da mace take yi wa ƙasa hidima, ya kuma ba cocin Katolika matsayi na musamman, wanda sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1972 aka soke shi. Wata doka ta 1935 ta hana shigo da kayan hana ɗaukar ciki da sayar da su. Macen da take aikin gwamnati kuwa, ranar da ta yi aure ranar ce take ajiye aiki, kuma haka aka yi ta yi har 1973.

Ko zaɓen jami'ar da ta yi sai da ya taɓo wannan lamari. Kwalejin Trinity da ke Dublin, wadda aka kafa a 1592 a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, an daɗe ana kallonta a matsayin makarantar Furotesta, har manyan limaman Katolika suka hana mabiyansu shiga sai da izini na musamman, hanin da ba a janye ba sai a 1970. Da izinin ta shiga, ta karanta shari'a, ta gama a 1967. A shekarar ne, tana shugabar ƙungiyar ɗaliban shari'a, ta gabatar da jawabi a kan dangantakar doka da tarbiyya, inda ta nemi a cire haramcin saki daga kundin tsarin mulki, a kuma daina amfani da dokar laifuka wajen tilasta koyarwar coci. Daga nan ta tafi Jami'ar Harvard a Amurka, ta sami digiri na biyu a 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King. A can ta ga matasan lauyoyi suna ɗaukar ƙarar baƙar fata da talakawa su mayar da ita zakaran gwajin dafi, wato a kai ƙarar mutum ɗaya domin hukuncin da za a yanke ya shafi dubbai. Wannan dabara ita ta dawo da ita gida.

A nan akwai buƙatar ɗan bayani a kan kalmar barista, domin yadda muke amfani da ita a Najeriya ya bambanta da yadda take a Ailan, duk da cewa ƙasashen biyu daga Ingila suka gaji tsarin shari'arsu. A Najeriya duk wanda ya gama makarantar horar da lauyoyi aka rantsar da shi, yana iya karɓar mai ƙara a ofishinsa, ya rubuta masa takardu, ya kuma tsaya masa a kotu. A Ailan aikin rabe yake gida biyu. Akwai solisita, wanda shi ne mai ofis, shi mutum yake fara zuwa wurinsa da matsalarsa, shi yake tara takardu da shaidu. Sannan akwai barista, wanda ƙwarewarsa ita ce nazarin doka da muhawara a manyan kotuna, kuma bisa al'ada ta hannun solisita aiki yake zuwar masa. Makarantar King's Inns, wadda tarihinta ya koma 1541, ita take horar da baristoci, kuma yawancinsu zaman kansu suke yi, suna aiki daga wani babban ɗakin karatu a harabar kotunan Dublin da ke bakin kogin Liffey. Wanda ya daɗe ya yi fice ana ɗaga shi zuwa babban lauya, matsayin da ya yi daidai da SAN a Najeriya. Mary ta zama barista a 1967, ta kai matsayin babbar lauya a 1980.

A 1969, tana da shekara 25, abubuwa biyu suka zo mata a tare. Trinity ta naɗa ta kan kujerar farfesa ta Reid, wadda take kula da dokar laifuka da makamantanta. Gaskiya ita ce kujerar ta wa'adi ce, an kuma saba ba da ita ga matasan lauyoyi masu hazaƙa, don haka bai kamata a auna ta da farfesancin da ake kaiwa bayan shekara talatin ana koyarwa ba. Duk da haka kujera ce mai tarihi: wadda ta gaje ta a 1975, Mary McAleese, ita ce kuma ta gaje ta a shugabancin ƙasa a 1997. Abu na biyu shi ne zaɓenta a majalisar dattawa. Majalisar tana da kujeru 60, kuma a lokacin uku daga ciki tsofaffin ɗaliban Trinity ne suke zaɓen masu zama a kansu, abin da ya sa mutum zai iya shiga ba tare da jam'iyya ta tsayar da shi ba, ya kuma faɗi abin da ɗan siyasar mazaɓar ƙauye ba zai kuskura ya faɗa ba. Ta riƙe wannan kujera har 1989. A 1970 ta auri Nicholas Robinson, abokin karatunta, Furotesta, kuma iyayenta ba su halarci ɗaurin auren ba, ko da yake daga baya an sasanta.

Tashin farko a majalisa ta sha ƙasa. A 1971 ita da wasu sanatoci biyu suka kawo ƙudurin sassauta dokar 1935, amma majalisar ta ƙi ko da yarda a yi masa karatun farko. Aka yi tir da ita daga kan mumbarin coci-coci, wasiƙun zagi suka yi ta zuwa, kuma abin ya taɓa iyayenta a Ballina, inda kowa ya san kowa. Bayan shekara biyu, a 1973, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar wata matar aure mai suna Mary McGee, wadda likita ya gargaɗe ta cewa wani cikin zai iya halaka ta, cewa hana ma'aurata shigo da waɗannan kayan don amfanin kansu ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Ba Robinson ce ta tsaya a wannan ƙara ba, amma darasin a fili yake: abin da 'yan majalisa suke tsoron taɓawa saboda ƙuri'a, alƙalai suna iya taɓa shi idan an kawo musu hujja mai ƙarfi. Tun tsakiyar shekarun 1960, a ƙarƙashin alƙalai irin su Cearbhall Ó Dálaigh da Brian Walsh, kotunan Ailan suka fara karanta kundin tsarin mulki a matsayin takardar da ta ƙunshi haƙƙoƙin da ba a lissafa su da suna ba, kuma wannan ce ƙofar da ta yi ta bi.

Misali na farko ya shafi juri, wato mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin jama'a su saurari shaidu a manyan laifuka su ce an yi laifi ko ba a yi ba. Dokar 1927 ta taƙaita wannan aiki ga masu kadarar da ake biya wa haraji, ta kuma ware mata gaba ɗaya sai wadda ta rubuta takarda ta nemi a saka ta. Sakamakon haka kusan duk macen da aka gurfanar, maza masu dukiya ne suke yanke mata hukunci. Wasu mata biyu, Máirín de Búrca da Mary Anderson, da aka kama a wurin zanga-zanga, suka ƙalubalanci dokar, kuma Robinson tana cikin lauyoyin da suka tsaya musu. A ƙarshen 1975 Kotun Ƙoli ta rushe dokar, a 1976 majalisa ta yi sabuwa wadda ta dogara da rajistar masu zaɓe, maza da mata.

Misali na biyu ya fi nuna basirar lauya. Dokar harajin kuɗin shiga ta 1967 tana haɗa albashin mata da na mijinta a lissafa su a matsayin kuɗin mutum ɗaya, don haka ma'aurata masu aiki suke biyan haraji fiye da mutum biyu da suke zaune tare ba aure. Wasu malaman makaranta, miji da mata masu suna Murphy, suka kai ƙara, kuma a 1980 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya. Hujjar da ta yi aiki ita ce sashe na 41 na kundin tsarin mulki, wanda ya ɗora wa gwamnati alhakin kare aure, kuma shi ne sashen da ya haramta saki. An ɗauki sandar masu ra'ayin riƙau an doki dokar gwamnati da ita.

Amma ƙarar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce ta Josie Airey, wata mata daga birnin Cork, mai 'ya'ya huɗu, wadda take aiki a kanti. A 1972 kotu ta sami mijinta da laifin dukanta, ta ci shi tara. Tunda babu saki a ƙasar, abin da kawai doka ta tanadar mata shi ne hukuncin raba zama, wanda yake sauke mata wajibcin zama da shi ba tare da igiyar aure ta tsinke ba. Babbar Kotu kaɗai take ba da wannan hukunci, kuma kuɗin lauyoyi a lokacin yana kamawa daga fam 500 zuwa fam 1,200, gwargwadon ko mijin ya yi jayayya ko bai yi ba, alhali abin da take samu a mako bai kai fam 40 ba. Gwamnati ba ta da wani tsari na ɗaukar wa talaka lauya a shari'ar da ba ta laifi ba. Ta zagaya ofisoshin lauyoyi, babu wanda ya karɓe ta, ta zama gaba kura baya sayaki. A 1973 ta rubuta ƙorafi zuwa Strasbourg a Faransa, inda kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai take, tare da hukumar da take karɓar ƙorafi a wancan lokaci, kuma Robinson ce ta zama baristarta.

Hujjar gwamnatin Ailan a gaban kotun tana da sauƙin faɗa: babu dokar da ta hana matar shiga Babbar Kotu, ƙofa a buɗe take, idan ba ta da kuɗin lauya ta tsaya wa kanta. Amsar ɓangaren Airey ita ce shari'ar raba zama tana buƙatar sanin ƙa'idojin kotu masu sarƙaƙiya, da kiran shaidu da likitoci, da yi wa miji tambayoyi a gaban alƙali, kuma ba a tsammanin mace mai ƙaramin ilimi da aka daka za ta iya wannan a gaban lauyan mijinta. Bayanan da aka gabatar sun nuna cewa tsakanin 1972 da 1978 babu mutum ko ɗaya da ya shigar da irin wannan ƙara ba tare da lauya ba. Ranar 9 ga Oktoba, 1979, kotun ta yanke cewa Ailan ta saɓa wa sashe na 6 na yarjejeniyar Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam, mai magana a kan damar samun shari'ar adalci, da sashe na 8, mai kare rayuwar iyali. Ta ce haƙƙoƙin da yarjejeniyar take karewa dole su zama waɗanda mutum zai iya amfana da su a aikace, kuma haƙƙin da yake kan takarda kawai bai wadatar ba. Kotun ta yi taka-tsantsan, ba ta ce wajibi ne a ɗauki lauya kyauta a kowace ƙara ba, ta bar wa gwamnati zaɓi ko ta biya lauya ko ta sauƙaƙa hanyoyin kotu. Duk da haka hukuncin ya zama tushe da lauyoyi a ƙasashen Turai suke komawa gare shi har yau, kuma cikin 'yan watanni gwamnatin Ailan ta kafa hukumar ba da taimakon lauya a shari'o'in da ba na laifi ba. Duk wanda ya taɓa ganin matar da aka zalunta ta haƙura da haƙƙinta saboda kuɗin mota zuwa kotu ma ya gagare ta, ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a kan ma'anar wannan hukunci.

Ba kowace ƙara ta ci ba, kuma ba kowace ce mai karatu zai yarda da manufarta ba. A 1986 ta tsaya wa Roy Johnston, mutumin da aurensa na farko ya mutu a aikace amma doka ta hana shi auren matar da yake zaune da ita. Kotun Strasbourg ta ƙi yarda cewa yarjejeniyar ta ƙunshi haƙƙin saki, amma ta ce matsayin da doka ta bar 'yarsu a ciki bai dace ba, abin da ya taimaka wajen fito da dokar 1987 da ta daidaita haƙƙin 'ya'ya a gaban doka. Haka kuma ita ce lauyar David Norris, malami a Trinity, wanda ya ƙalubalanci dokokin 1861 da 1885 da aka gada daga Birtaniya masu hukunta luwaɗi. Ya faɗi a Kotun Ƙoli a 1983 da alƙalai uku a kan biyu, ya ci a Strasbourg a 1988, majalisa ta soke dokokin a 1993. A ƙasar Hausa wannan batu ne da addini ya riga ya yanke masa hukunci, kuma a Ailan ɗin ma an yi zazzafar jayayya a kansa. Masu sukar Robinson sun ce tana kai wa alƙalan da ba kowa ya zaɓe su ba, wasunsu ma ba 'yan ƙasa ba, abin da jama'a ne ya kamata su yanke. Wannan suka tana da nauyi, kuma batun saki ya nuna iyakar dabararta: a watan Yuni na 1986 kusan kashi 63 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka ƙi amincewa da saki, kotun Turai ba ta tsallake su ba, kuma sai a Nuwamba 1995 jama'a da kansu suka sauya ra'ayi, da ratar ƙuri'a kusan 9,000 kacal.

A siyasar jam'iyya kuwa ba ta yi abin kirki ba. Ta shiga jam'iyyar Leba a 1976, ta nemi kujerar majalisar wakilai a 1977 da 1981 ta faɗi duka biyun, ta kuma fice a 1985 saboda tana ganin yarjejeniyar da Dublin da Landan suka ƙulla a kan Ailan ta Arewa an yi ta ne ba tare da jin ta bakin masu son zama da Birtaniya ba. Da ta bar majalisar dattawa a 1989, mutane da yawa sun ɗauka ta gama.

Zaɓen shugaban ƙasa na 1990, wanda ta tsaya takara a cikinsa, ya zo da abin da ba a zata ba. Ɗan takarar jam'iyyar Fianna Fáil mai mulki a lokacin, Brian Lenihan, shi ake ganin zai lashe, sai ya shiga rikici a kan maganganu masu karo da juna da ya yi game da wayar da aka buga wa fadar shugaban ƙasa a 1982. Sannan wani minista, Pádraig Flynn, ya faɗa a rediyo cewa kulawar da Robinson take nunawa ga iyalinta sabon abu ne na neman ƙuri'a, maganar da ta fusata mata da yawa. A Ailan mai zaɓe yana jera 'yan takara ne bisa fifiko. A ƙidayar farko Lenihan ya sami kusan kashi 44, Robinson kusan 39, Austin Currie na jam'iyyar Fine Gael 17, da aka cire Currie aka raba ƙuri'unsa bisa zaɓi na biyu sai ta zarce. An rantsar da ita ranar 3 ga Disamba, 1990.

Shugaban ƙasa a Ailan ba shi yake gudanar da gwamnati ba, firayim minista ne, kuma ko fita ƙasar waje sai da amincewar gwamnati. Robinson ta karanta iyakokin ofishin yadda lauya yake karanta yarjejeniya, ta yi amfani da duk abin da aka bar mata. Sashe na 26 ya ba shugaban ƙasa ikon tura ƙuduri Kotun Ƙoli kafin ya sa hannu, ta yi hakan sau huɗu, kuma a uku daga ciki kotun ta sami saɓani da kundin tsarin mulki. Ta je Somaliya a 1992 lokacin yunwa, ta je Ruwanda a 1994 bayan kisan ƙare dangi. A 1993 ta zama shugaban Ailan na farko da ya gana da Sarauniyar Ingila, kuma bayan 'yan makonni ta gaisa da Gerry Adams, shugaban jam'iyyar Sinn Féin mai neman raba Ailan ta Arewa da Birtaniya, a Belfast, alhali ba a tsagaita wuta a rikicin yankin ba tukuna, abin da ya jawo mata suka daga Landan da Dublin.

A Satumba 1997, saura watanni kaɗan wa'adinta ya cika, ta ajiye mulki ta karɓi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, matakin da ita kanta ta ce daga baya kuskure ne. Shekara biyar ta yi a can, ta yi karo da Rasha a kan Checheniya, da China, da kuma Amurka bayan harin 11 ga Satumba. Taron yaƙi da wariyar launin fata na Durban a 2001, wanda ta jagoranta, Amurka da Isra'ila sun fice daga cikinsa. Daga 2002 ta koma aikin ƙungiyoyi, ta shiga ƙungiyar dattawan duniya da Nelson Mandela ya kafa a 2007, ta shugabance ta daga 2018 zuwa 2024, ta mayar da hankali kan yadda sauyin yanayi yake fi cutar da ƙasashen da ba su suka jawo shi ba. A wannan fage babu alƙalin da zai yanke hukunci a tilasta wa gwamnati bi, sai jawabi da lallashi, shi ya sa yake da wuya a nuna abu guda a ce ga abin da ta sauya, yadda ake iya nunawa a shekarunta na kotu.

Hukumar taimakon lauya da aka kafa bayan ƙarar Airey ta yi shekara goma sha biyar tana aiki a matsayin tsarin gwamnati kawai, wanda kowane minista zai iya rage masa kuɗi ko ya sauya shi, kuma jerin masu jiran lauya ya yi ta tsawo. Sai a 1995 majalisa ta kafa ta da doka, a lokacin baristar Josie Airey tana fadar shugaban ƙasa.